Farfesa Ibrahim Umar da Tukunyar Nukiliya ta Zariya

Idan aka ambaci nukiliya a Kura ko Bunkure, bom ne zai fara faɗo wa manomin rani a rai. Alhali titin da motocin tumatir ke bi daga Kadawa su nufi kudu yana ratsa Zariya, inda tukunyar nukiliya ta farko a Najeriya ta fara aiki a 2004, a Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗaya daga cikin masanan da suka yi fice a harkar makamashin nukiliya a Najeriya shi ne Farfesa Ibrahim Khalil Umar.

A Zariya ya karanta fiziks, ya ƙaro ilimi a Amurka, ya kammala digiri na uku a Ingila a 1974. A 1976 ya zama ɗan Najeriya na farko da ya koyar da fiziks a Bayero, kuma bayan shekara 3 kacal aka damƙa masa jami'ar, ya riƙe ta har 1986. Daga baya ya jagoranci Hukumar Makamashi ta Ƙasa, sannan ya shugabanci majalisar gwamnonin Hukumar Nukiliya ta Duniya a Biyana daga 2000 zuwa 2001. A ganina, irin wannan zama da manyan duniya na cikin abin da ya sa aka aminta da Najeriya ta riƙe yuraniyom.

Tukunyar ƙirar Sin ce, ƙarfinta kilowat 30, cikinta bai wuce ƙaramin bokiti ba. Ba ta ba kowa lantarki. Aikinta awo ne. Ana ɗibar 'yar ƙasa ko taki ko ƙwayar hatsi, a rufe a ɗan kwanson roba, iska ta harba shi ta bututu zuwa gindin wutar. Idan ya fito, kowane sinadari sai ya fitar da irin haskensa, na'ura ta karanta, a san adadin gishiri da ƙarfe da dafin da ke ciki. Wanda ya ga farin gishiri ya tsatso a fangalinsa bayan shekaru yana shan ruwan Tiga, shi ya fi kowa buƙatar wannan amsa, kuma abin takaici ne a ce manoma da yawa ba su san da ita ba.

A 2018 aka kwashe tataccen yuraniyom ɗin tukunyar aka mayar da shi Sin, aka sa mata wanda ba ya ƙera makami. Farfesa Umar ya rasu a Janairun 2023. Allah Ya jiƙansa.