Rangwamen Haraji da Ikon Sayen Abin Hawa Mai Lantarki: Nazari Daga Gagarawa Tasha

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, maganar ababen hawa masu amfani da lantarki ta fito daga zauren taron ƙwararru ta shiga hirar tasha da bakin kasuwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai kusan naira 500 cikin kwanaki kaɗan, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da dama. A watan Oktoban 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya bayyana cewa an ɗauke harajin VAT daga kan wasu kayayyakin makamashi, cikinsu har da motoci masu lantarki. Abin da muke son bincikawa shi ne ko irin wannan sassauci yana isa ga mai saye a Gagarawa Tasha da sauran yankunan masarautar Gumel ta jihar Jigawa, wato Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, kuma idan yana isa, ta wace hanya yake bi, nawa ne kuma ke saura a cikinsa kafin ya iso.

Ya kamata mu fara fayyace kalmomin da za mu yi aiki da su. Abin hawa mai lantarki shi ne duk wanda injinsa ke juyawa da wutar da aka adana a batir, babu tankin mai a jikinsa, ko mota ce ko babur ko a-daidaita-sahu. Rangwamen haraji kuwa shi ne gwamnati ta yafe wani ɓangare na harajin da doka ta ba ta damar karɓa, domin ta kwaɗaitar da jama'a wani abu. Ya bambanta da tallafi, domin a tallafi kuɗi ne ke fita daga baitulmali, a rangwame kuma kuɗi ne ba su shiga ba. VAT haraji ne da ake ɗorawa a kan farashin kaya lokacin saye, wanda a Nijeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020. Ikon saye, a wannan nazari, shi ne mutum ya iya mallakar abin hawa ya kuma ci gaba da tafiyar da shi ba tare da ya taɓa abincin gidansa ko jarin nomansa ba.

Idan muka duba yadda ƙasashe suka yi, rangwamen ya kasu gida uku gwargwadon wurin da ake karɓar harajin. Na farko shi ne wanda ake cirewa daga harajin kuɗin shigar mai saye, kuma Amurka ce fitaccen misalinsa. Shekaru fiye da goma sha biyar tana rage wa mai sayen sabuwar mota mai lantarki har dala 7,500 daga harajinsa na shekara. Sai dai a tsarin farko, wanda harajinsa bai kai wannan adadi ba ba ya cin moriyar rangwamen gaba ɗaya, kuma dole ne ya fara biyan cikakken farashi ya jira lokacin lissafin haraji. Masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Kalifoniya, Severin Borenstein da Lucas Davis, sun gano cewa kusan kashi 90 cikin ɗari na wannan rangwame ya tafi ne ga kashi 20 cikin ɗari na gidajen da suka fi kowa samu. Wata doka ta 2022 ta yi ƙoƙarin gyara: ta sa iyaka ga kuɗin shigar mai saye da farashin motar, ta ƙirƙiro rangwamen dala 4,000 ga motocin hannu, kuma daga Janairun 2024 ta ba da damar a cire kuɗin nan take a wurin dillali. Bayan duk wannan gyara, an soke shirin daga 30 ga Satumba, 2025.

Wannan nau'i ba shi da wurin zama a Gagarawa, kuma dalilin a fili yake. Ba a rage wa mutum harajin da ba ya biya. Dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta keɓe naira 800,000 na farko na kuɗin shigar shekara daga haraji, alhali mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 a wata, bai wuce naira 840,000 a shekara ba. Manomin riɗi da zoɓo, da dillalin dabbobi, da ɗan acaɓa, harajinsu na tikitin kasuwa ne da kuɗin ƙungiya da abin da ake karɓa a shingen hanya, ba na takardar da ake cikewa a ƙarshen shekara ba. Ƙididdigar talauci mai fuskoki da yawa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna kashi 84 cikin ɗari na mutanen Jigawa suna cikinsa. Da a ce za a kwaikwayi tsarin Amurka a nan, da manyan ma'aikata da 'yan kwangila kaɗai zai amfana, su ma mafi yawansu a Dutse da Kano suke ajiye motocinsu.

Nau'i na biyu shi ne wanda ake yafewa a wurin saye, kuma shi Nijeriya ta zaɓa a 2024. Fa'idarsa ita ce bai damu da ko mai saye yana da takardar haraji ba. Ƙasar Nowe ta yi nisa da shi: tun 2001 ta ɗauke VAT daga motocin lantarki, kuma a 2024 kusan tara cikin kowace goma na sababbin motocin da aka sayar a can masu lantarki ne. Amma VAT ɗin Nowe kashi 25 ne cikin ɗari, ga kuma wasu haraje-haraje masu nauyi a kan motocin fetur, saboda haka yafewar ta isa ta juya lissafi. Namu bai kai sulusin nasu ba. Mu ɗauka, don misali kawai, babur ne na naira miliyan ɗaya: abin da aka yafe naira 75,000 ne. Idan kuma mota ce ta naira miliyan 30, an yafe naira 2,250,000. Ashe ko a wannan nau'i mai babbar mota ya ninka mai babur sau talatin a moriya. Nowe da kanta ta lura da haka, shi ya sa a 2023 ta dawo da VAT a kan duk abin da ya haura kurona 500,000 na farashin mota.

Na uku shi ne sassaucin kuɗin fito, wato harajin da kwastan ke karɓa a kan kayan da aka shigo da su. Tunda batir da injin duk daga waje suke zuwa, ko da an harhaɗa su a gida kamar yadda kamfanin Stallion ya harhaɗa motar Hyundai Kona mai lantarki a Legas a 2020, a tashar jiragen ruwa ake yanke mafi yawan farashi. Amma akwai abu biyu da ke cinye sassaucin kafin ya iso arewacin Jigawa. Ɗaya shi ne canjin kuɗi: dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, kuma babu rangwamen da zai cike wannan giɓi. Ɗayan shi ne mai shigo da kaya ake yafe wa, shi ne kuma zai ga dama ya rage farashi. Inda dillalai ke da yawa gasa tana tilasta masa, inda kuwa mutum ɗaya ne ke kawo kayan daga Kano, babu mai tilasta shi.

Yanzu sai mu koma ga ikon saye, wanda a ganinmu nan ne ainihin maganar take. Sassansa uku ne: kuɗin farko, da kuɗin kullum, da hanyar biya. Kafin mu auna su, dole mu san wane abin hawa muke magana a kai. Gagarawa Tasha gari ne da ya ginu a gefen layin dogon Kano zuwa Nguru, amma yau babur ne ke haɗa shi da ƙauyukan da ke kewaye. Duk wanda ya tsaya a hanyar Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa, zai ga babur ɗauke da buhu biyu a baya da mutum a kai, wani da akuya a ɗaure a gaban mai tuƙi, yawancinsu sun fito ta burtalin yashi inda ƙaramar mota ba ta shiga. A bakin titi kuma ga 'yan bumburutu da kwalabensu jere, suna sayar da rabin lita ga wanda ba shi da kuɗin cikakkiya. Mai sayen da ya dace mu yi wa lissafi shi ne wannan, ba mai neman motar alfarma ba.

A kuɗin kullum lantarki ya fi nuna fifikonsa. Mu ɗauka ɗan acaɓa yana shan lita uku a rana a kan naira 900, wato naira 2,700. A kwana 26 na aiki ya kashe naira 70,200, daidai da albashin ƙaramin ma'aikaci, ban da baƙin mai da filogi da gyaran kafireto, waɗanda babur mai batir ba ya buƙata. Sai dai wannan riba tana rataye ne a kan inda za a sami wutar. Yankin yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne, kuma ƙauyuka da yawa ba su da layin wuta sam. Wanda zai yi caji da janareta fetur ɗin ya saya ta bayan gida. Abin da ya rage shi ne rana, wadda Allah ya hore wa yankin. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, a ƙarƙashin Jelani Aliyu a lokacin, ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, kuma a Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna ana iya mayar da ƙananan bas-bas su koma lantarki a gida. A ƙaramin mataki ma mun riga mun saba da wannan sana'a, domin kusan kowace tasha akwai rumfar mai cajin waya da allonsa na soket-soket, yana karɓar waya ya ba da lamba.

Hanyar biya ita ce sashen da aka fi mantawa da shi. Yawancin masu tuƙa babur da a-daidaita-sahu ba su suka saya da kuɗi hannu ba. Wani mai hali ne ke saye ya ba su, su riƙa kawo balas kullum ko duk mako, ko kuma a yanka farashi mai ƙari a biya kaɗan-kaɗan har abin ya zama nasu. Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024, bankunan kasuwanci kuma suna ɗorawa a kai. Idan ruwan ya kai kashi 30, bashin naira miliyan ɗaya yana haifar da naira 300,000 a shekara, ninki huɗu na VAT ɗin da aka yafe. Ga kuma mutane da yawa da ba za su kusanci bashin ruwa ba ko da an tallata musu, sai dai murabaha, wato banki ya sayi kayan ya sayar musu da ribar da aka sani, ko ijara, wato haya mai ƙarewa da mallaka. A Ruwanda da Kenya kamfanoni irin su Ampersand da Spiro sun ɓullo wa matsalar ta wata hanya: suna sayar da babur ban da batir, direba ya riƙa sauya wanda ya ƙare da cikakke a tasha, ya biya kuɗin wutar kawai. Da yake batir ne ɓangare mafi tsada, cire shi daga farashi ya fi kowace yafewar VAT rage kuɗin farko. Idan haka ne, sassaucin da zai taɓa ɗan acaɓan Gagarawa shi ne wanda aka yi wa batir da farantan sola na mai tashar sauyi, da wanda ya rage tsadar bashi.

Akwai wani abu na ƙarshe da lissafin gwamnati ba ya gani. A ƙauye babur ajiya ne: ana sayen sa da kaka bayan an sayar da riɗi, a sayar da shi idan damina ta zo ana neman taki, ko rashin lafiya ta taso, ko aure ya matso. Babur mai fetur yana da farashin hannu da kowane dillali ya sani, kuma duk bakaniken bakin hanya zai iya kwance shi. Mai lantarki bai sami wannan kasuwa ba tukuna, ga shi zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 a Afrilu da Mayu, yana rage wa batir kwana. Mai saye zai tambayi nawa zai sayi sabon batir bayan 'yan shekaru, da kuma ko sassaucin zai kai lokacin. Tambayar tana da tushe, domin Jamus ta dakatar da nata tallafin kwatsam a Disamban 2023, cinikin motocin lantarki kuma ya faɗi da fiye da rubu'i a shekarar da ta biyo baya. Wanda zai zuba kuɗin amfanin gonarsa na shekara guda yana buƙatar a rubuta masa wa'adin sassaucin a doka, ya kuma shafi batirin canji kamar yadda ya shafi sabon babur.