Tambayar Masu Zuhudun Hadrumetum: Alherin Allah da Ladan Aiki a Tauhidin Agustin

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci rikicin da ya tashi a gidan zuhudu na Hadrumetum a shekarun 426 zuwa 427. Ta nuna cewa matsalar tarbiyya da horo ce ta tilasta wa Agustin fayyace matsayin aiki a tauhidinsa, kuma Ikilisiyar Yamma ba ta karɓi amsarsa gaba ɗaya ba.

Shimfiɗa

An haifi Agustin a Tagaste, cikin Aljeriya ta yau, a shekarar 354, ya rasu yana bishop na Hippo a 430. Abokin hamayyarsa, Pelajiyus, mutumin tsibirin Birtaniya ne da ya yi suna a Roma wajen wa'azin gyaran hali. A ganinsa Allah ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba, don haka lada da azaba suna bin abin da mutum ya zaɓa ne da kansa. Agustin kuwa ya ce zunubin Adamu ya raunana nufin ɗan Adam, har ba ya iya son alheri sai Allah ya fara motsa zuciyarsa. Majalisar bishop-bishop ta Kartaj ta yi watsi da koyarwar Pelajiyus a 418. Sai dai hukuncin bai kashe wutar ba, ya mayar da ita cikin gida ne.

Rikicin Hadrumetum

Garin Hadrumetum shi ne Susa ta ƙasar Tunisiya a yau. Wani mai zuhudu da ake kira Florus ya ci karo da wasiƙar da Agustin ya aika wa Sikstus, wani firist na Roma, ya kwafe ta ya tura wa 'yan'uwansa. Wasiƙar ta nace cewa babu wani aikin kirki da ke gabatar alherin Allah. Nan gida ya rabu. Mutanen da suka bar dukiya da iyali, suna azumi da tsayuwar dare, sun ji kamar an ce musu wahalar banza suke yi. Daga baya wata tambaya ta fito wadda ta fi ta farko kaifi: idan ikon yin biyayya kyauta ce daga Allah, da wane dalili shugaban gida zai tsawata wa wanda ya saɓa? Ai sai ya yi masa addu'a kawai.

Agustin ya amsa da littattafai biyu da ya aika wa shugaban gidan, Balentinus. A na farko, kan alheri da 'yancin zaɓi, ya tara umarnin da ke cikin Littafi Mai Tsarki ya ce ba a umartar wanda ba shi da zaɓi. Bai musanta lada ba. Abin da ya canza shi ne asalinsa: aikin da ake saka wa mutum a kansa, shi ma baiwa ce, don haka sakamakon baiwa ne bisa baiwa. Azaba kuwa hakkin mai laifi ce tsantsa. A nan ma'aunin ya karkace da gangan, kuma wannan karkata ita ce zuciyar tauhidinsa. A littafi na biyu, kan tsawatarwa da alheri, ya ce tsawar shugaba na iya zama hanyar da Allah ke bi ya farkar da bawansa, kuma tun da babu wanda ya san waɗanda Allah ya zaɓa, dole a yi wa kowa gargaɗi.

A ganin mai wannan nazari, amsar ta warware damuwar shugaba, ta bar ta wanda ake tsawata wa. Me ya sa aka ba wannan ikon jurewa har ƙarshe aka hana wancan? Agustin ya jingina lamarin ga hukuncin Allah da ba ya bincikuwa. Mai karatun da ya san muhawarar Mu'utazilawa da Ash'ariyawa kan ƙaddara da kasabi zai ga kamanni, ko da yake babu zancen zunubin gado a can.

Abin da Ikilisiya ta ɗauka

Masu zuhudun kudancin Faransa ta yau, ciki har da Yohanna Kasiyan na Marsai, sun ƙi yarda cewa mutum ba ya iya ko da ɗaga ƙafar farko zuwa ga Allah. An shafe kusan ƙarni ana ja, har majalisar Oranj ta zauna a 529 ƙarƙashin Sizariyus na Arles. Ta tabbatar cewa ko farkon bangaskiya daga alherin Allah yake, ta ce wanda aka yi wa baftisma yana iya aikata abin da ceto ke bukata da taimakon Almasihu, sannan ta la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta. Kan dalilin zaɓen wani a bar wani, ta yi shiru. Wannan gurbi ne mabiya malaman tauhidi Kalbin da Arminiyus suka koma kansa a taron Dort na ƙasar Holan, daga 1618 zuwa 1619.