Pissarro da gonakin Pontoise: yadda ƙauye ya sami daraja a zane

A tsakiyar ƙarni na 19, babban bajekolin zane na birnin Pari, wanda ake kira Salon, shi ke ɗaukaka mai zane ko ya dusashe shi a Faransa. Alƙalansa sun fi girmama hotunan sarakuna da yaƙe-yaƙe da tatsuniyoyin Girkawa. Zanen gona da daji kuwa yana can ƙasa a jerin daraja.

Camille Pissarro, wanda aka haifa a tsibirin Saint-Thomas a 1830, bai yarda da wannan jeri ba. A 1866 ya zauna a Pontoise, bakin kogin Oise, ya riƙa fita gona da kayan aikinsa. Abin da ya sauƙaƙa masa haka shi ne ɗan bututun ƙarfe na zuba fenti, wanda John Goffe Rand ya ƙirƙiro a 1841. Da shi mai zane ke iya aiki a fili, yana bin haske kafin ya sauya.

Natsuwar da ke cikin hotunansa ba ta samu a rayuwarsa ba. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, ya yi gudun hijira zuwa Landan. Sojojin mamaya suka sauka a gidansa na Louveciennes, suka lalata mafi yawan zanen da ya bari. Da ya komo a 1871, sai ya sake daga farko.

A watan Afrilu na 1874, shi da Claude Monet da abokansu suka buɗe nasu bajekolin a tsohon ɗakin aikin mai ɗaukar hoto Nadar. Cikin abin da Pissarro ya nuna akwai Gelée blanche, wato daskararriyar raɓa: kunyoyin gona da sanyin safiya, inuwar itatuwa ta gitta su, ga wani manomi goye da damin itace. Ɗan jarida Louis Leroy ya yi wa hoton ba'a, kuma daga ba'ar tasa ga wani zanen Monet ne sunan impressionnisme ya bi ƙungiyar. Cikin bajekoli 8 da suka shirya daga 1874 zuwa 1886, Pissarro kaɗai ne bai taɓa fashi ba.

Bai ƙawata ƙauye don ya burge masu kuɗi ba. Ya zana mata masu girbi da ƴan kasuwa, har da hayaƙin masana'antun da suka fara tsirowa a bakin kogi. Ya rasu a 1903.

Daga ƙarshen shekarun 1960, sabon birnin Cergy-Pontoise ya cinye gonaki da yawa na yankin. Hoton da aka yi wa dariya yana gidan tarihi na Orsay, inda manomin nan yake tafe da itacensa har yau.