Asalin Cocin Katolika na Birnin Katsina

Babban cocin mabiya ɗarikar Katolika a birnin Katsina shi ne wanda ake kira St. Martin de Porres. Amma tun kafin a aza tubalinsa, Katsina ta taɓa saukar malaman wannan ɗarika. A shekarar 1710 waɗansu fada biyu 'yan ƙungiyar Faransiskan, Carlo da Genova da Severino da Silesia, suka baro Tarabulus tare da ayarin fatake, suka ratsa Sahara ta Agadas, suna neman ƙasar Kwararrafa, don an ba su labarin wai akwai Kiristoci a can. Ba su kai ba. Ciwo ya kama su a Katsina, suka rasu a 1711.

Daga nan aka yi shiru har zuwan Turawa. Su ma Turawan mulki ba su sakar wa mishan mara a ƙasashen sarakunan Musulmi ba, saboda haka yawancin Katolikan farko baƙi ne daga Kudu, ma'aikata da 'yan kasuwa. A 1953 aka damƙa yankin Sakkwato, har da lardin Katsina, ga fada 'yan ƙungiyar Dominikan daga Amurka, a 1964 kuma ya zama dayosis. Aikinsu ya fi kama ƙasa a karkara, a cikin Maguzawan wajen Malumfashi, inda ake ibada da Hausa zalla.

Sunan cocin ma daga wannan ƙungiya ya samo tushe. Martin de Porres ɗan Dominikan ne da aka haifa a Lima ta ƙasar Peru a 1579, uwarsa baƙar fata ce 'yantacciya. Ya ƙare rayuwarsa yana jinyar marasa lafiya da ciyar da matalauta, ya rasu a 1639. Zaɓen sunan irin wannan bawan Allah ga coci a Afirka ya dace ƙwarai.

Shekara da shekaru cocin yana ƙarƙashin Sakkwato, ga nisa. Ranar 16 ga Oktoba 2023 Fafaroma Francis ya yanke Dayosis na Katsina, wannan coci ya zama mazaunin bishop. Wanda aka fara naɗawa shi ne Gerald Mamman Musa, Bahaushe haifaffen Malumfashi, aka keɓe shi ranar 12 ga Disamba 2023.