Tafiyar Botswana: Yadda shirin Top Gear ya ratsa ƙasa guda da tsofaffin motoci uku

Tafiyar Botswana kashi ne na musamman na Top Gear, shirin talabijin na Birtaniya da ya haɗa bayanin motoci da barkwanci. Tashar BBC Two ce ta fara nuna shi ranar 4 ga Nuwamba, 2007. A cikinsa masu gabatarwa uku, Jeremy Clarkson da Richard Hammond da James May, sun ratsa ƙasar Botswana daga iyakarta da Zimbabwe zuwa iyakarta da Namibiya, tafiyar kimanin kilomita 1,600, kowannensu a cikin akwalar mota. Masu kallo da dama na sanya shi a sahun gaba cikin tafiye-tafiyen da shirin ya taɓa yi.

Asalin shirin

An fara Top Gear a 1977 a matsayin shirin da ke duba sababbin motoci da yi wa direbobi nasiha. A 2002 Clarkson da furodusa Andy Wilman suka sake masa fasali, suka shigar da gasa da zolaya da tafiye-tafiye masu nisa. Hammond ya shigo a shekarar, May kuma ya biyo baya a 2003. Kowannensu yana da halin da aka san shi da shi: Clarkson mai cika baki da gaggawa, May mai tsanaki har abokansa suna masa ba'a da nawa, Hammond kuwa mai saurin ƙallafa rai a kan abu. Saɓanin waɗannan halaye shi ne ginshiƙin rahar shirin.

Sharaɗi da motoci

Hujjar tafiyar ta samo asali daga wata ɗabi'a ta masu hali a Ingila, wato sayen manyan motoci ƙirar jif alhali ba sa sauka daga kan kwalta. Masu shirin suka ce za su nuna cewa ƙaramar mota ta yau da kullum tana iya bin hanyar da ake ganin sai jif. Aka ba kowa fam 1,500 ya sayi motar gwanjo a Afirka, bisa sharaɗin kada ta kasance mai ja da tayoyi huɗu, kada kuma ta zama wadda aka ƙera domin daji.

Clarkson ya sayi Lancia Beta ƙirar 1981, motar Italiya da ta yi ƙaurin suna wajen tsatsa da yawan lalacewa. May ya zaɓi Marsandi 230E ƙirar 1985, yana mai kafa hujja da yadda irinta ta daɗe tana aiki a titunan Afirka. Hammond ya kawo Opel Kadett ƙirar 1963, wadda ta girme shi, ya kuma raɗa mata suna Oliver. A bayansu ana tafe da Volkswagen Beetle, motar da dukkansu ba sa ƙauna, an kuma gindaya cewa duk wanda tasa ta mutu murus, ita zai hau ya ƙarasa tafiyar.

Yadda tafiyar ta gudana

Babban gwaji na farko shi ne Makgadikgadi, shimfiɗaɗɗen filin gishiri da ke arewa maso gabashin ƙasar, wanda ragowar wani tsohon tafki ne da ya ƙafe. Samansa busasshen ɓawo ne, ƙarƙashinsa kuma taɓo, don haka mota mai nauyi tana fasa ɓawon ta kafe. Kafin su shiga, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Ian Khama, ya ziyarce su. Shi ne ya zama shugaban Botswana a 2008. Domin rage nauyi, Clarkson da May suka cire ƙofofi da gilasai da sauran kayan jikin motocinsu har suka koma kamar ƙwarangwal. Hammond ya ƙi tsiraita Oliver, wadda dama ba ta da nauyi. Sun kwana a tsibirin Kubu, wani tudun duwatsu mai manyan itatuwan kuka a tsakiyar filin, washegari kuma ƙura ta addabi waɗanda suka tsiraita motocinsu.

Daga nan suka nufi yankin Okabango, inda kogi ke malala cikin ƙasa ba tare da ya kai teku ba, wurin da ke cike da giwaye da dorina da zakuna. Motar da ba ta da ƙofa ba ta shiga irin wannan daji, saboda haka Clarkson da May suka toshe nasu da kwanon rufi da katako da duk abin da hannu ya kai gare shi. A nan ne abokan May suka ɓoye ɗanyen nama a motarsa domin namun daji su biyo warinsa.

Wurin da aka fi tunawa shi ne ƙetare wani kogi. Hammond ya shiga ta inda ruwa ke da zurfi, Oliver ta nutse har ruwa ya cika ta, shi kuma yana kiran sunanta kamar wanda ɗansa ya faɗa rijiya. Sauran biyun suka haye ta mashigi mara zurfi. An kwana ana gyaran Oliver da taimakon bakanike, da safe ta tashi. Lancia ta ci gaba da mutuwa tana farfaɗowa har zuwa iyakar Namibiya, inda motocin uku suka isa. A ƙarshe Clarkson da May suka yanke hukunci cikin raha cewa Beetle ɗin da suka raina ita ce gwarzuwar tafiyar. Hammond ya sa aka kai masa Oliver Birtaniya ya ci gaba da riƙe ta.

Abin da tafiyar ta nuna

Darasin da ke ƙarƙashin dariyar shi ne cewa a hanya mara kyau, motar da ake iya gyarawa da sifana da waya a gindin bishiya ta fi mai tsadar da sai kwamfuta ta gano ciwonta. Ga ɗan kallo na Ingila wannan abin mamaki ne. Ga direban da ke lodin kasuwannin ƙauye da tsohuwar mota, tsohon labari ne. Sai dai bai kamata a ɗauki shirin a matsayin gwaji na kimiyya ba. Masu gabatarwar suna tare da ayarin masu ɗaukar hoto da kanikawa da masu nuna hanya a cikin motoci masu ƙarfi, kuma an tsara wasu daga cikin abubuwan ban dariyar tun kafin a kunna kyamara.

Suka

Masu rajin kare muhalli sun soki ratsa Makgadikgadi da motoci. Sun ce sawun taya yana daɗewa shekaru a kan gishirin kafin ya shafe, kuma shirin zai zuga wasu baƙi su kwaikwaya. BBC ta amsa cewa ta nemi shawarar masana kuma ta kauce wa wuraren da aka keɓe domin kare halittu. Muhawarar ta taɓo tambayar da ke bin irin waɗannan shirye-shirye: ƙasa tana samun talla da masu yawon buɗe ido, amma ita ce ke zama da duk ɓarnar da aka bari bayan baƙi sun tafi.

Wasu tafiye-tafiyen sun jawo rikicin da ya fi wannan. A 2014 ayarin ya fice daga Ajantina a gurguje bayan jama'a sun fusata da lambar motar Clarkson, wadda suka fassara da shaguɓe kan yaƙin tsibiran Falkland na 1982. BBC ta ce dacewa ce kawai.

Bayan Botswana

Salon ya ci gaba a Biyetnam a 2008, da Bolibiya a 2009, da tafiyar neman mafarin kogin Nilu a 2013. A watan Maris na 2015 BBC ta ƙi sabunta kwantiragin Clarkson bayan ya kai wa wani furodusan shirin duka. Hammond da May suka bi shi, su ukun suka fara The Grand Tour a dandalin Amazon Prime Video a 2016. Kashinsu na ƙarshe tare ya fito ranar 13 ga Satumba, 2024. An ɗauki mafi yawansa a Zimbabwe, amma suka tsallaka Botswana suka rufe shi a tsibirin Kubu, inda suka kwana a tafiyarsu ta 2007.