Daga farantin azurfa zuwa wayar aljihu: yadda hoton taurari ya zo hannun ɗan koyo

A watan Maris na 1840, John William Draper, malamin ilimin sinadarai a Jami'ar New York, ya saita madubin hangen nesa ga wata, ya bar haskensa yana sauka kan farantin tagulla mai ruwan azurfa har kusan minti 20. Wata ke nan fa, wanda duk sararin dare babu abin da ya kai shi haske. Taurari kuwa sai da aka ƙara shekara goma kafin su shiga hannu: a Yulin 1850 William Bond da John Whipple suka ɗauki tauraron Vega a Harvard, ɗan ɗigo guda, bayan daƙiƙa 100.

Abu biyu ne suka wahalar da su, kuma su ne har gobe ke wahalar da duk mai fara wannan harka. Hasken tauraro kaɗan ne, sai an yi ta tararsa kamar mai tarar ruwan yayyafi a bakin indararo. Yayin da kake tarar kuma, duniya ba ta tsaya jiranka ba, tana juyawa digiri 15 a kowace awa, sai ɗigon ya ja ya zama zane.

Farantan da aka koma amfani da su bayan na azurfa jiƙaƙƙu ne, da sun bushe aiki ya tashi, don haka ba a iya daɗewa ana tara haske. Wani likita a Ingila, Richard Maddox, shi ya buɗe hanyar busasshen faranti a 1871, daga nan ƙofa ta buɗe. Abin lura shi ne waɗanda suka fi cin moriyarta da farko ba ma'aikatan gidajen nazarin taurari ba ne. Henry Draper, ɗan wancan Draper ɗin, likita ne, kuma shi ya fara ɗaukar gajimaren ƙura da iska na Orion a Satumbar 1880, cikin minti 51. Andrew Common injiniyan magudanan ruwa ne a Landan. A bayan gidansa da ke Ealing ya ɗauki wannan gajimare a 1883, hoton ya fito da taurarin da ido ba ya gani ko an leƙa ta cikin madubin da aka ɗauke shi da shi. Isaac Roberts ɗan kwangilar gini ne, shi kuma a 1888 ya nuna wa duniya murɗaɗɗen fasalin tarin taurarin Andromeda.

Ni dai labarin da na fi so ɗan koyo ya riƙe a Afirka ta Kudu ya faru. A 1882 wani babban tauraro mai wutsiya ya bayyana, mai hasken da har da rana ana ganinsa. David Gill, shugaban gidan nazarin taurari na Cape, ba shi da kayan ɗaukar hoton da suka dace. Sai ya nemi wani mai hoto na gari, suka ɗaure kyamararsa ta ɗaukar mutane a jikin babban madubin, wanda ke bin juyawar sama. Madubin bai ɗauki komai ba, dako kawai ya yi. Da aka wanke hoton, wutsiyar ta fito ras, amma abin da ya kama hankalin Gill shi ne ɗimbin taurarin da suka cika bayanta. Daga nan ya ƙudurta zana taswirar sama da hoto, kuma a 1887 masana suka taru a Paris suka ɗaura niyyar yin haka ga sararin baki ɗaya. Ƙaramin gilashi da abin da zai juya shi daidai, su suka yi wannan aiki.

Zamanin fim ya daɗe, kuma ya gasa wa masu sha'awa aya a hannu. Fim na da wani hali: in haske ya yi rauni, ninka lokaci ba ya ninka abin da ya kama. Shi ya sa a wancan zamani wasu ke gasa fim ɗin Kodak Technical Pan kwana da kwanaki cikin iskar haidurojin da naitirojin, wasu kuma su sanyaya kyamara da busasshiyar ƙanƙara. Sannan mutum ya zauna cikin sanyi, ido ɗaya manne da madubi, yana tsare tauraro guda a tsakiyar siririn gicciye, yatsa a kan maɓalli, awa guda cur. Ya yi atishawa, ko ƙafarsa ta taɓa ƙarfen, hoton ya lalace, kuma ba zai sani ba sai an wanke fim. Masu ƙaramin ƙarfi sun sami mafita ta bin juyawar sama a 1975, lokacin da George Haig na Sikotilan ya bayyana wata dabara a mujallar Sky & Telescope: katako biyu da hinjin ƙofa da dogon sukuru. A saita hinjin ga tauraron arewa, a ɗora kyamara a katakon sama, a riƙa murɗa sukurun zagaye ɗaya a minti. Kowane kafinta zai iya haɗa ta.

Na'urar kama haske ta CCD, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a 1969, ita ta yi wa fim ritaya, ko da yake ta ɗauki shekara ashirin kafin ta iso hannun masu sha'awa. Ribarta ta gaske ita ce tarawa. Maimakon hoto ɗaya na awa guda, sai a ɗauki gajeru masu yawa, kwamfuta ta jera su ta haɗa. Hoto 100 in an haɗa, dusar da ke ɓata shi tana raguwa ninki 10, kuma wanda jirgin sama ya ratsa sai a jefar. Da duniyar Mars ta matso kusa a Agustan 2003, mutane sun ɗauke ta da kyamarar hira ta kwamfuta, Philips ToUcam, da manhajar RegiStax ta kyauta, suka fitar da hotunan da a da sai manyan gidajen nazari. Canon ta fitar da kyamarar EOS 20Da musamman don taurari a 2005. A 2019 wayar Pixel 4 ta zo da tsarin da ke tara haske na kusan minti 4 ta haɗa da kanta, a 2023 kuma na'urar hangen nesa ta Seestar S50 ta fito, wadda ke nemo abin da ka zaɓa a waya ta ɗauka kana zaune.

Wasu tsofaffin hannu na cewa wannan ba ɗaukar hoto ba ce, danna maɓalli ne. Ba na tare da su gaba ɗaya, amma na fi ganin kuskure a wani wuri: ɗan koyo ya zuba kuɗinsa kan dogon madubi tun bai san sama ba. Iya ƙarfin kusantowar madubi, iya yadda yake tona ƙaramin karkarwa. Kyamara ko waya a kan mariƙi mai ƙafa uku ta isa mafari. Masu harkar na raba 500 da tsawon gilashi don sanin daƙiƙar da za a buɗe kafin taurari su ja: gilashi mai milimita 24 zai ba da kusan daƙiƙa 20. Taurarin Kaza da 'ya'yanta na fitowa sosai a haka.

A ƙasar Hausa lissafin na da nasa salo. Duhu muna da shi da zarar an bar gari, amma daren hunturu, lokacin da Orion ke tsaye a sama da farkon dare, shi ne lokacin hazo, iska kuma ba ta yin garau sai bayan an ɗauke ruwan sama. Mai son haɗa katakon Haig a Kano ya sani cewa tauraron arewa digiri 12 kacal yake sama da ƙasa, inda ƙura ta fi kauri, don haka sau da yawa kamfas da ma'aunin kusurwa na cikin waya ne za su saita masa hinjin.