Numfashin Murhu: Nazari Kan Bututun Iska da na Hayaƙi a Gidajen Amurka da Kanada

Gabatarwa

A arewacin Amurka da Kanada, inda sanyin hunturu kan daskarar da koguna, gidaje da dama da murhun gas ake ɗumama su. Murhun kan zauna a ɗakin ƙarƙashin ƙasa yana ƙona gas, fanka kuma na hura ɗumin zuwa ɗakuna. Wannan nazari ya dubi hanyoyi biyu da rayuwar mazauna gidan ta rataya a kansu: wadda iska ke shiga wa wutar, da wadda hayaƙi ke fita. Abin da zai nuna shi ne, duk lokacin da aka ƙara wa murhu tsimin makamashi, nauyin tsare rai kan ƙara komawa hannun mai haɗa bututu.

Abincin Wuta

Kowane mudu na gas yana bukatar kusan mudu 10 na iska kafin ya ƙone sarai. In iskar ta wadata, abin da ke fita shi ne tururin ruwa da iskar kabon dayoksayid. In ta gaza, sai a sami kabon monoksayid, wadda ba ta da launi balle wari, tana kuma kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Hukumar lafiya ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta cewa sama da mutum 400 ne ke mutuwa duk shekara a ƙasar saboda shaƙar ta bisa kuskure, ban da waɗanda gobara ta ci.

Shi ya sa kundin ƙa'idojin gas na Amurka, NFPA 54, ya ƙayyade girman wurin da za a ajiye murhun da ke shaƙar iskar cikin gida. Murhu mai ƙarfin BTU (ma'aunin zafi) 100,000 a awa yana bukatar fili kamar ɗaki mai tsawon ƙafa 25, faɗin ƙafa 25, tsayin ƙafa 8. In wurin bai kai haka ba, dole a huda masa kafofin iska.

Zafin da Ake Ce wa Asara

Tsohon murhu yakan amfana da kusan kashi 80 cikin 100 na makamashin gas, ragowar ta bi hayaƙi. Sai dai wannan ragowa ba a banza take tafiya ba. Ita ce ke sa hayaƙin ya yi sauƙi, ya haura bututun ƙarfe har saman rufi da kansa. Sabon murhu, mai tsimin kashi 90 zuwa 98, yana tatse zafin har tururin ya koma ruwa. Hayaƙin da ya rage ya huce, ba shi da ƙarfin hawa, sai fanka ta tura shi. Ruwan kuma yana da tsami irin na asid, yana cin ƙarfe, don haka aka koma ga bututun roba kamar PVC da CPVC.

Robar ma ba kowacce ba. A 1998 hukumar kare masu saye ta Amurka, CPSC, ta sanar da janye wasu bututun roba na hayaƙi mai zafi, saboda suna tsagewa ko rabuwa a mahaɗa. Kanada kuwa tun 2007 ta wajabta roba mai shaidar inganci ta ULC S636.

Inda Hannun Gwani Ke Bayyana

Mafi aminci shi ne tsarin bututu biyu: ɗaya ya jawo iska daga waje, ɗaya ya fitar da hayaƙi, wutar ba ta raba numfashi da mutanen gida. Amfaninsa biyu ne. Na farko, gidajen zamani a toshe suke ruf don tsimin ɗumi, fankar kicin ko injin busar da kaya na iya zuƙe iskar cikinsu har hayaƙi ya juyo da baya. Na biyu, iskar ɗakin wanki kan ɗauko kulorin daga bilic, wanda in ya ƙone yakan zama asid mai cinye cikin murhu.

Sauran aikin na lissafi ne. Bututun hayaƙi zai gangaro wajen murhu da rubu'in inci a kowace ƙafa, don ruwan ya koma magudana. In aka yi sakacin maƙale shi ya lotsa a tsakiya, ruwa ya taru ya toshe hanya, na'urar tsaro ta kashe murhun cikin tsananin sanyi. Kowace gwiwa tana rage wa fanka ƙarfi, shi ya sa kamfani ke buga jadawalin iyakar tsawo da faɗin bututu. Bakinsa na waje zai ɗara tsayin dusar ƙanƙarar da aka saba gani da inci 12, ya nisanci taga, kada kuma ya busa wa bakin iska hayaƙi.

Akwai tarkon da ake yawan mantawa da shi. A tsofaffin gidaje murhu da tukunyar ruwan zafi kan yi tarayya a bututun rufi ɗaya. Da an sauya murhu da sabo mai bututun robarsa daban, sai a bar tukunyar ita kaɗai da bututun da ya yi mata yawa, ba ta iya ɗumama shi, hayaƙinta ya riƙa yin raɓa ko ya dawo cikin gida. Maganin shi ne a zura masa ƙaramin bututu daidai ƙarfinta.

Kammalawa

Tsimin da sabon murhu ke yi gaskiya ne, amma aikin da zafi ke yi kyauta a da, yanzu gangare da manne da ma'auni ke yin sa. Mu nan ƙasar Hausa ba mu da dusar ƙanƙara, sai dai iskar da ke kisa a gidan Toronto ita ce dai ke fita daga kaskon garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ko janaretan da aka shigar cikin gida don gudun ɓarawo. Ko ina aka kunna wuta a ƙarƙashin rufi, tambayoyin biyu ne: ta ina take shan iska, ta ina kuma hayaƙinta ke fita?